Shekara 11 bayan ƙarfe ya ratsa kansa: nazari kan rayuwar Phineas Gage

Da la'asar ɗin ranar 13 ga Satumba, 1848, wasu leburori suna fasa dutse a kusa da ƙauyen Cavendish da ke jihar Vermont a Amurka, ana share wa layin dogo na kamfanin Rutland da Burlington hanya. Shugabansu saurayi ne ɗan shekara 25, sunansa Phineas Gage. Aikin yana da ƙa'idarsa: a huda dutse, a zuba albarushi, a sa lagwani, a bi da yashi, sannan a ɗauki rodi a danna a hankali har ya kama. Yashin nan shi ke raba ƙarfe da albarushi. Rodin kuwa nasa ne na kansa, maƙeri ya ƙera masa yadda ya ce: tsawonsa mita 1 da ɗan ɗoriya, nauyinsa kilo 6, kaurinsa santimita 3, baki ɗaya ya yi tsini. Mutanensa da ke aiki a bayansa suka ɗauke masa hankali, ya waiga, ya buɗe baki zai yi magana. Ga dukkan alamu ba a riga an zuba yashin ba. Ƙarfe ya gogi dutse, tartsatsi ya tashi, albarushi ya kama.

Rodin ya shiga ta ƙarƙashin ƙashin kuncinsa na hagu, ya bi ta bayan ido, ya ratsa gaban ƙwaƙwalwa, ya fasa ƙoƙon kai ta sama ya fice, ya faɗi can wajen mita 25 daga inda suke. Gage ya faɗi rigingine, hannu da ƙafa suka ɗan yi fizge-fizge, amma cikin 'yan mintoci sai ga shi yana magana. A zaune aka kai shi masaukinsa cikin keken shanu. Likitan da ya fara isowa, Edward Williams, ya tarar da shi a kan kujera a ƙofar masaukin yana ba mutane labarin yadda abin ya faru, kuma abin da ya tarbi likitan da shi ke nan: "Likita, ga aikin da zai ishe ka." Williams bai yarda ƙarfe ya bi ta kan mutum ya wuce ba sai da ya ga ramin. Da Gage ya tashi ya yi amai, yunƙurin ya turo wani abu na ƙwaƙwalwar, kimanin rabin kofin shayi, ya zuba a ƙasa.

Yawancin masu ba da labarin nan a nan suke tsayawa. In sun ƙara, jimla ɗaya ce: wai daga ranar halinsa ya ɓaci, bai ƙara amfanuwa ba har ya mutu. Alhali mutumin ya yi shekara 11 da wata 8 a duniya bayan haɗarin. Waɗannan shekaru su ne suka dame ni, don a cikinsu ne ake samun abin da ya yi kusa da amsar tambayar da duk gidan da aka sallamo wa irin wannan majinyaci yake yi wa kansa: to, ya rayu, amma wace irin rayuwa zai yi?

Jinya

Da yamma likita na biyu, John Martyn Harlow, ya karɓi jinyar, kuma daga hannunsa aka samu kusan duk abin da aka rubuta kan watannin farko. Ya aske gashin, ya cire gutsattsarin ƙashi, ya mayar da manyan guda biyu mazauninsu, ya bar ƙofa don ruwan ciwo ya riƙa fita. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba a ma san ƙwayoyin ne ke ruɓar da ciwo ba. A daren farko Gage ya gane mutane, ya ce ba sai abokansa sun zo duba shi ba, ai cikin 'yan kwanaki zai koma bakin aiki. A riƙe wannan maganar, don ita ce ta farko cikin kaɗan ɗin da aka adana daga bakinsa kan abin da yake so, kuma za ta sake dawowa.

Bayan kwana 12 ciwon ya juya. Ya shiga magagi, ba ya amsa magana sai da kalma ɗaya, kai da baki suna wari, rai kwakwai mutu kwakwai. 'Yan jinya suka tanadi akwatin gawa da tufafin binnewa. Ɗaya daga cikinsu ya roƙi Harlow ya ƙyale shi haka nan, wai ƙara masa wahala kawai ake yi. Harlow bai ƙyale ba. Ya tsaga fatar goshin daga bakin ciwon zuwa saman hanci, mugunya wajen rubu'in lita ta kwararo da jini. Ashe da sauran shan ruwa. A kwana na 24 Gage ya tashi da kansa ya yi taku ɗaya zuwa kujera. Bayan wata guda yana hawa bene yana sauka. Shekaru daga baya, da Harlow ya zo bayanin yadda aka yi mutumin ya tsira, ya ari maganar wani tsohon likitan Faransa ya ce shi dai ya ɗaure ciwo, Allah ne ya warkar.

Tun a wannan jinya alamun wani abu dabam suka fara leƙowa. Tunaninsa garau yake, ya san ranar da abin ya faru da yadda ya faru. Amma Harlow ya rubuta cewa ba ya iya kimanta girman abu ko darajar kuɗi daidai: yana da wasu 'yan tsakuwoyi da ya tsinto a wajen aiki, ya ce ko dala 1,000 aka ba shi ba zai sayar ba. Da likitan ya yi tafiyar mako guda, Gage ya riƙa fita titi kusan kullum, ba mai iya tare shi, shi dai sai ya tafi gida. Ya fita ba rigar sanyi, da takalmi maras kauri, ƙafa ta jiƙe, zazzaɓi ya kama shi. Ranar 25 ga Nuwamba, mako 10 bayan haɗarin, aka kai shi gidan iyayensa a Lebanon, jihar New Hampshire. Zuwa Fabrairun 1849 ya fara ƙananan ayyuka a wajen dawaki da shanu.

Likita biyu, hukunci biyu

A Afrilun 1849 ya koma Cavendish, Harlow ya duba shi. Idon hagu ya mutu, fatar idon ta sauko ta rufe shi, ɓarin fuskar ya ɗan saki, ga tabo a goshi, ga wani lotsawa a tsakar ka inda ake ganin bugun ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin fata. In ban da wannan, jiki lafiya lau. Ya ce kansa ba ya ciwo, sai dai yana jin wani iri a ciki wanda ya rasa yadda zai kwatanta. A watan Nuwamba Henry Bigelow, farfesan fiɗa a Jami'ar Harvard, ya kai shi Boston ya riƙe shi makonni yana nazarinsa, a 1850 kuma ya rubuta cewa mutumin ya warke sarai, jiki da hankali.

Harlow abin da ya gani dabam. Kafin haɗarin, 'yan kwangilar da Gage ke wa aiki suna ƙirga shi a matsayin wanda ya fi kowa iya riƙe leburori, mai kaifin basira, in ya sa abu a gaba sai ya ga bayansa. Bayan haɗarin suka ga ya sauya har ba za su iya mayar masa da matsayinsa ba. Harlow ya siffanta shi da mutum maras tsayawa kan magana ɗaya, mai ɗura ashar wadda da ba halinsa ba ce, ba ya ganin girman kowa, ba ya jure a kwaɓe shi in abin ya saɓa wa son ransa. Wani lokaci ya kafe kamar ba zai motsa ba, an jima ya sauya. Ya tsara abin da zai yi gobe, kafin a fara ya watsar ya kama wani. Abokansa da waɗanda suka san shi suka ce wannan ba Gage ba ne.

Ba na jin ɗayansu ya yi ƙarya. Kowa inda ya tsaya ya faɗi abin da ya hango, kuma har yau haka ake yi da masu irin wannan rauni. Gaban ƙwaƙwalwa, wato abin da ke bayan goshi, ba shi ke motsa hannu ko riƙe kalmomi shi kaɗai ba. Babban aikinsa shi ne tsara abu kafin a yi shi, jera matakai, auna abin da zai biyo baya, da riƙe mutum kada ya faɗi ko ya aikata duk abin da ya zo masa. Wanda ya ji rauni a nan yana iya zama gaban likita rabin awa ya amsa kowace tambaya daidai, domin likitan ne ke jan zaren: shi ke tambaya, shi ke cewa a tsaya, shi ke cewa a ci gaba. Matsalar sai an fito waje take bayyana, inda ba mai ce maka yi kaza bar kaza, inda mutum ashirin ke jiran umarninka kuma ɗayansu ya ɓata maka rai. Bigelow ya ga majinyaci a ɗakin nazari. 'Yan kwangila sun ga shugaban leburori a bakin dutse da albarushi a gefe.

Na'urorin zamani sun ƙara haske kan raunin. Wani nazari kan hoton ƙoƙon kansa, wanda ke ajiye a Harvard, da aka wallafa a 2004 ya nuna ɓarnar ta tsaya a ɓarin hagu. A 2012 wasu masana a Jami'ar California da ke Los Angeles, ƙarƙashin John Van Horn, suka ƙiyasta cewa abin da rodin ya lalata na ɓawon ƙwaƙwalwa kashi 4 ne cikin 100, amma na jijiyoyin da ke sada sassanta da juna ya kai wajen kashi 11. Wato hanyoyin sadarwa sun fi shan ɓarna, kuma ɓarin dama na nan da ransa, abin da ya bar ƙofar koyo a buɗe.

Daga barga zuwa hanyar Santiago

Da aikin reluwe ya kuɓuce, Gage ya yi ɗan lokaci yana nuna kansa da rodinsa ga jama'a a garuruwan arewa maso gabashin Amurka, har da gidan kallo na Barnum a New York. Abu ne mai sosa rai a ce saurayin da jiya yake ba da umarni yau tabonsa ne abin sayarwarsa. Bai daɗe a kai ba. Ya samu aiki a Hanover wajen Jonathan Currier, mai barga da hayar keken doki, ya yi wata 18 a can. Wannan wata 18 shi ne abu na farko da ya kamata ya sa mai karatu ya dakata, don wanda aka ce ba ya iya riƙe shiri daga safe zuwa yamma ga shi ya riƙe aiki ɗaya shekara da rabi.

A Agustan 1852 wani mai shirin kafa harkar keken fasinja a ƙasar Chile ya ɗauke shi suka tafi. Ya yi kusan shekara 7 a can yana kula da dawaki, yana kuma tuƙa keken fasinja mai doki 6 tsakanin tashar jiragen ruwa ta Valparaiso da Santiago, babban birni. Masanin da ya fi kowa bin diddigin wannan zango shi ne Malcolm Macmillan, ɗan Ostireliya, wanda ya fitar da babban nazarinsa kan Gage a shekarar 2000. Ya nemo bayanan matafiyan wancan zamani don ya ga abin da aikin ke buƙata. Keke yana tashi da ƙarfe 4 na asuba. Tafiyar awa 13 ce, kimanin kilomita 160, a hanya maras kyau mai hawa da gangara, a ƙasar da ba ta rabu da tarzomar siyasa ba a shekarun. Kafin a tashi direba ya ciyar da dawaki, ya goge su, ya ɗaura musu kaya, ya kai keken tasha a kan lokaci, ya yi lodi, ya karɓi kuɗi ya ba da canji, ya zaunar da fasinja. In an isa ya sauke kaya, ya koma kan dawaki. Duk wanda ya san direban motar haya mai dogon zango, wanda sallar asuba ke samu a tasha, ya san irin wannan rana: fasinja mai ƙorafi, mai kaya fiye da kuɗinsa, mai son a tsaya inda ba a tsayawa, kuma dole ka haɗiye ka kai kowa lafiya in kana son gobe a sake hawa motarka.

Tuƙin kansa ma abin dubawa ne. Dawakin bibbiyu suke, sahu uku, kowane sahu da igiyar linzaminsa a tsakanin yatsun direba. In an zo kwana ba a juya su gaba ɗaya. Sai a fara karkata na gaba, a riƙe na kusa da keken su miƙe tukuna, in ba haka ba keken ya yanke kwanar ya hau gefe ko ya kife. Dole ido ya riga dawaki isa kwanar, hannu ya san wace igiya zai saki wace zai ja, duk a lokaci guda. Gage da ido ɗaya ya yi wannan, a ƙasar da ya shiga bai san harshenta ba. Tsarawa, haƙuri, lissafi, iya zama da mutane: abubuwan da Harlow ya ce sun rushe su ne dai aikin ke nema kowace rana.

Fassarar Macmillan, wadda na gamsu da ita, ita ce aikin ne ya zame masa magani. Abin da raunin ya ƙwace shi ne ikon tsara wa kai rana daga ciki. Aikin keke ya kawo tsarin daga waje. Lokacin tashi ɗaya ne, jerin ayyukan ɗaya ne, hanyar ɗaya ce, kuma kuskure ba ya jira: ka manta ka ɗaure ɗamarar doki yanzu za ka gani. Abin da aka maimaita shekara da shekaru ya zama jiki, har mutum ya daina buƙatar a tuna masa. Haka asibitocin farfaɗo da masu raunin ƙwaƙwalwa suke yi a yau da gangan: a gutsuttsura aiki mataki-mataki, a yi shi a lokaci ɗaya kullum, a gaya wa mutum nan take in ya kauce, sannan a riƙa janye taimakon a hankali. Gage ya faɗa cikin irin wannan tsari ba tare da kowa ya shirya masa ba, sai don yana neman abin da zai ci kuma ya iya dawaki.

Akwai shaidu biyu da suka fito daga baya. A 2008 aka gano wani rahoto na 1860 inda wani likita Ba'amurke da ya san shi a Chile ya ce yana nan yana tuƙi, lafiyarsa ƙalau, hankalinsa ba abin da ya same shi. A 2009 kuma aka tabbatar da cewa wani tsohon hoto da wasu masu tara hotuna suka daɗe suna zaton na maharbin kifi ne riƙe da mashi, ashe Gage ne riƙe da rodinsa. Yana sanye da kwat mai kyau, gashi a taje, idon hagu a rufe, yana kallon mai hoto kai tsaye. Rodin nan ya taɓa ba Harvard ajiya, ya koma ya karɓe abinsa, kuma daga nan in ka ga Gage ka ga rodinsa.

Kada dai a zarce. Bai ƙara zama shugaban kowa ba. Bai yi aure ba, bai haihu ba. Shekarun da ya fi samun nutsuwa ya yi su ne a wata nahiya, nesa da uwa da 'yan'uwa. Idon bai dawo ba. Wanda 'yan kwangila suka ce ya fi kowa iya riƙe leburori ya ƙare a kujerar direba. Rayuwa ce ƙarama fiye da wadda ya fara ginawa, amma tasa ce, da guminsa yake ci, kuma mutane suna miƙa masa ransu da kayansu su hau bayansa.

Wa ake tambaya?

Likitoci sun daɗe suna auna sakamakon raunin ka da idonsu su kaɗai. Ma'aunin da Bryan Jennett da Michael Bond suka fitar a Glasgow a 1975 mataki 5 ne, daga mutuwa zuwa kyakkyawar farfaɗowa, kuma likita ne ke cewa ga inda majinyaci ya faɗa. A 2010 wata tawagar masana daga ƙasashe da dama ta fitar da QOLIBRI, tambayoyi 37 da ake yi wa mai raunin shi kansa: ya gamsu da yadda yake tunani da tuna abu? Da yadda yake ganin kansa? Da ikonsa na tafiyar da harkokinsa ba tare da an riƙe masa hannu ba? Da zamansa da mutane? Me ke damunsa a zuci, me ke damunsa a jiki? Gage ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa irin waɗannan tambayoyi. Abin da ke akwai shi ne abin da ya yi ta nema, kuma abu ɗaya ne tun daga daren farko: aiki.

A gidajenmu ba rodi ke kawo wannan ba. Faɗuwa a babur ba hular kwano, haɗarin mota, shanyewar ɓarin jiki, sanƙarau, maleriyar da ta hau ka, duk suna iya barin mutum da ƙwaƙwalwar da ba irin ta da ba. Yaro ya kwana biyu a asibiti, ɗinki ya kame, a sallamo shi, 'yan dubiya su ce Alhamdu lillahi ya warke. Bayan wata uku uwa ta ja babban wansa gefe ta ce, "Ni fa tun faɗuwar nan ba shi ba ne." Yana fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, an aike shi ya manta, ya yi wa baffansa maganar da da ko a mafarki ba zai yi ba. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu su ce ya fara shaye-shaye. Maigidansa a gareji ya ce, "Je ka huta tukuna, in ka ji sauƙi ka dawo," kuma kowa ya san ma'anar maganar. Daga nan sai zaman ƙofar gida, ba lokacin tashi, ba abin da ake jira daga gare shi. Wannan hutun, da ake yi da kyakkyawar niyya, shi ne ainihin kishiyar abin da ya taimaki Gage.

Ba kuma ina cewa a mayar da shi kan babur ba ne. Yau babu likitan da zai bar mai sabon raunin ka da ido ɗaya ya ɗauki fasinja, kuma tuƙi sai da izinin likita saboda haɗarin farfaɗiya. Abin ɗauka shi ne siffar aikin: abu sananne, a lokaci sananne, kusa da wanda zai gyara masa ba tare da tozartawa ba. Kiwo ne, ban ruwan lambu ne, jera kaya a shagon ɗan'uwa ne, a fara da awa biyu don gajiya tana saurin kama su, a ba da saƙo ɗaya a lokaci guda, a sa ƙararrawar waya ta riƙa tuna masa.

Masu ɗawainiya su ma suna da nasu kason, kuma ba ƙarami ba ne. A shekarun 1980 Neil Brooks da abokan aikinsa a Glasgow sun bi iyalan masu mummunan raunin ka har shekara 5. Abin da ya fi nauyaya wa iyalan ba gurguntaka ba ce, sauyin hali ne, kuma nauyin bai ragu da shekaru ba, ƙaruwa ya yi. Don haka ba kowa ke samun abin da Gage ya samu ba, kuma matar da ta ce ta gaji da mijin da ba ta gane shi ba, ba rashin imani ke damunta ba. Tana buƙatar a karɓe ta jinyar wani lokaci, a kuma gaya mata gaskiya cewa raunin ne ke magana.

Farfaɗiya

A tsakiyar 1859 lafiyarsa ta fara taɓarɓarewa a Chile, ya hau jirgin ruwa zuwa San Francisco inda mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa suka koma da zama. Ya iso a raunane. Da ya ɗan murmure, in ji mahaifiyar, sai ya matsu ya samu aiki, ya kuwa samu wajen wani manomi a Santa Clara. A Fabrairun 1860, washegarin wata rana da ya wuni yana huɗa, yana cin abinci farfaɗiya ta buge shi. Ta sake dawowa, ta kuma dawowa. Aikin gonar ya tafi. Ya riƙa kama aiki nan da can, ko'ina ya je sai ya ga abin da bai yi masa ba ya bari. Ranar 18 ga Mayu ya koma wajen mahaifiyarsa. Da asubar 20 ga wata ta yi masa mummunan kamu, likita ya zo ya tsaga jijiya ya ɗebi jini kamar yadda ake yi a lokacin, ba ta saki ba. Ya rasu ranar 21 ga Mayu, 1860, yana da shekara 36.

Tabon da ke cikin ƙwaƙwalwa yana iya yin shiru shekaru sannan ya fara tayar da farfaɗiya, musamman in wani abu ne ya huda ƙoƙon kai ya shiga. Binciken da aka yi kan sojojin Amurka da aka huda wa kai a yaƙin Biyetnam ya nuna wajen rabinsu sun kamu da ita cikin shekara 15, wasu ma sai bayan shekara 10 ta fara. A zamanin Gage magani bai yaɗu ba: a 1857 ne aka fara ba da labarin amfanin gishirin buromid a Landan, finobabiton kuwa sai 1912. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano ciwon an ba su magani yadda ya kamata, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Duk gidan da ke da wanda ya taɓa fashewar kai ya kamata su san wannan tun ranar sallama, don in ta zo bayan shekaru a nufi asibiti a kuma gaya wa likita tsohon raunin.

Wannan yawan sauya aiki na watannin ƙarshe, na mutumin da farfaɗiya ke kayarwa, shi ne marubutan baya suka ɗauka suka shimfiɗa a kan dukan rayuwarsa. Suka ƙara gishiri: mashayi ne, ɗan yawon banza ne, har da masu cewa yana wulaƙanta mata da 'ya'ya, mutumin da bai taɓa aure ba. Macmillan ya bi waɗannan zarge-zarge ya tarar babu ko ɗaya a rubutun waɗanda suka gan shi da idonsu.

Harlow ya rasa labarinsa shekaru, sai a 1866 ya gano inda mahaifiyar take ya rubuta mata. Da yardar iyalin aka tone kabarin a 1867, aka kai masa ƙoƙon kan da rodin, waɗanda daga baya ya miƙa wa gidan adana kayan nazarin jiki na Warren a Harvard. A 1868 ya gabatar da cikakken rahotonsa gaban ƙungiyar likitocin Massachusetts, shekara 20 bayan haɗarin, shekara 8 bayan rasuwar majinyacin. A nan ne maganar "ba Gage ba ne" ta fara fitowa a rubuce, kuma siffar mutumin ce a farkon lamarin, lokacin da Harlow ke ganinsa. A cikin rahoton dai akwai abin da mahaifiyar ta faɗa: shekarun Chile, da yadda yake tara 'ya'yan 'yar'uwarsa yana ba su labaran bajinta da ya ƙago don ya nishaɗantar da su, da irin son da yake wa yara da dawaki da karnuka. Littattafan koyar da likitoci da suka biyo baya sun kwafi sashen farko fiye da shekara 100, suka tsallake na uwar.